Dattijon Ikkilisiya Da Fistol A Ƙarƙashin Katifa: Ba Mu Yarda Ba



Akwai wata magana da ta shigo tsakaninmu, wadda ba a yin ta a kan bagadi, amma ana yin ta a gindin bishiya bayan an tashi sujada, ana yin ta a shagon mai gyaran babur, ana kuma tura ta daga waya zuwa waya. Maganar ita ce, wace ƙaramar bindiga ce ta fi aminci mutum ya ajiye a gida? Wani ya ce Glock ta ƙasar Ostiriya, wani ya ce Beretta ta Italiya, wani ya ce libarba ta fi domin ba ta cijewa. Matasanmu suna kallon hotunan bidiyo na Amurka inda wani ƙato yake jera bindigogi a kan tebur yana yaba wannan yana kushe waccan, kamar mai tallan atamfa, yana cewa wannan ta tsaron gida ce, waccan kuwa ta zuwa filin harbi ran Asabar don nishaɗi. Har an fara raɗe-raɗin cewa me zai hana a ware wani abu daga baiko a saya wa masu gadin majami'a guda ɗaya ko biyu. Mun ga ya zama dole mu yi magana a fili, gama abin da ake ƙulla shi a ɓoye, ran da ya fashe, a fili zai ci mu duka. Matsayinmu shi ne, fistol ba ta da wurin zama a gidan mai bi a wannan yanki, ba ta kuma da wurin zama a harabar majami'a, kowane irin suna ke rubuce a jikinta.

Kada wani ya ce ba mu san tsoro ba. Mun san shi. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayu 2022 an shiga gidan limaman Katolika a Gidan Maikambo cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, aka tafi da fada biyu da yara biyu, sai da suka yi wata guda a daji. A Janairu 2023 an faɗa wa masu sujada a majami'ar Sabon Rai Don Kowa a ƙasar Ƙanƙara ranar Lahadi da safe, aka ji wa fasto rauni, aka tafi da mutane. Abin da a da muke ji daga bakin dajin Rugu, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya biyo ta Matazu da Musawa ya iso ƙofarmu, har a ƙarshen 2025 ya tsallaka cikin Tsanyawa da Shanono na jihar Kano. Magidancin da ya kwana yana jin kukan babura a nesa, yana duban matarsa da 'ya'yansa mata, ba mahaukaci ba ne idan zuciyarsa ta ce masa ya nemi makami. Ba da shi muke faɗa ba. Faɗanmu da masu sayar masa da ƙarya ne, da masu zuga shi daga inda harsashi ba ya kai wa.

Abu na fari da masu zugar ba su faɗa shi ne abin da doka ta ce. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta raba bindigogi kashi uku. Bindigar toka irin ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, maganarta tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai kashi na uku da dokar ta kira haramtattun makamai, inda ta jera igwa, da roka, da bam, da gurneti, da bindiga mai sarrafa kanta, da bindigar soja. To, 'yan'uwa, a cikin wannan jeri na uku ne aka sa fistol da libarba. Ba tare da bindigar farauta ba, tare da gurneti. Ba mai ikon ba da lasisinta sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba lasisi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Bari kowane dattijo ya tambayi kansa, a cikin dukan Kankiya da Kusada, malamin firamare nawa, mai sayar da kayan gyaran mota nawa, manomi nawa ne zai sami sa hannun Shugaban Ƙasa a kan takardar fistol? Ashe duk wanda ya ce maka zai samo maka ita, cewa yake yi zai samo maka shekara 10 a gidan yari, ka kuma biya da kuɗinka.

Ko bindigar farautar ma ba a buɗe ƙofarta take ba kamar yadda ake zato. A Agusta 2023 Kayode Egbetokun, wanda ke riƙe da kujerar Sufeto Janar a lokacin, ya sanar cewa an dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai saboda yawan da suka yi a hannun jama'a. Tun a 2021 tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ya yi kashedi cewa makamai kimanin miliyan 6 ke yawo a hannun farar hula a ƙasar nan. Da yawan bindiga ke kawo barci, da babu ƙasar da ta kai mu minshari.

Za a ce mana, ai gwamna da kansa ya ce mu kare kanmu. Gaskiya ne an faɗa. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen jihar nan, ba sau ɗaya ba, su nemi makamai su tunkari 'yan bindiga. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 domin masu neman lasisi. Me ya biyo baya? Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kuma bisa ga tsarin mulki gaskiyarsa ne, domin makamai da harsasai suna cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Watau jawabin gwamna ba lasisi ba ne. Ran da aka tsayar da kai a shingen bincike a Mararrabar Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya aka zaro fistol daga ƙugunka, ba za ka miƙa wa alƙali kaset ɗin jawabin gwamna ba. Mai jawabin ya gama mulkinsa a 2023, ya tafi da masu gadinsa. Mu kam muna ganin rashin kunya ne hukuma ta karɓi haraji, ta karɓi kuɗin tsaro, sa'an nan ta juyo ta ce wa talaka ya je ya yi aikin da sashe na 14 na tsarin mulki ya ce shi ne aikin gwamnati na farko. Amma rashin kunyar mai mulki ba ta mai da haram halal a gaban kotu.

Ku tuna da manomin nan na ƙasar Numan a Adamawa, ɗan'uwanmu mai bi. A 2015 wani ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuwa ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Maris 2025, bisa ga cewa tun da ya riga ya ƙwace makamin, da sai ya gudu. Sai a Disamba 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara 10 a tsare. Muna cikin waɗanda hukuncin nan ya ɓata wa rai, ba mu kuwa canza ra'ayi ba. Amma ku dubi abin da kyau. Wuƙar ba tasa ba ce. Bai saye ta ba, bai ɓoye ta ba, bai fita da ita daga gida ba. Duk da haka ga abin da ya same shi, a jihar da masu bi suke da yawa, da manyan lauyoyi da shugabannin ikkilisiya na gida da waje suna ta kuka a kansa. To, ina ga ɗan'uwa a ƙauyen Kusada da ya harbe mutum da fistol ɗin da ya saya a ɓoye? Sashe na 33 na tsarin mulki da dokar Final Kod sun yarda mutum ya kare ransa da ƙarfi daidai gwargwado, amma ba su wanke shi daga laifin mallakar haramtaccen makami ba. Zai shiga kotu da tuhuma biyu, ta biyun kuwa ba ta da amsa.

A ce ma babu doka. A ce gobe an buɗe kanti a kasuwar Kankiya ana sayar da ita kamar fartanya. Shin za ta yi aikin da ake saye ta dominsa?

Mutumin nan na bidiyon Amurka, ɓarawon da yake shiri dominsa mutum ɗaya ne, ko biyu, da ya fasa taga yana neman talabijin. Namu ba haka suke zuwa ba. Suna zuwa a kan babura da yawa, goyon biyu ko uku, kowanne da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kashe mutum daga nisan mita 300. Fistol kuwa, a hannun gwani da rana tsaka, da ƙyar take yin abin kirki bayan mita 50, a hannun wanda bai saba ba kuma, cikin duhu, jiki na ɓari, ko taku 10 sai an yi sa'a. Glock 17 da ake ta yabo harsashi 17 take ci. Idan ka harba na fari, abin da ka yi shi ne ka gaya wa mutum 30 ɗakin da kake, ɗakin da matarka da 'ya'yanka suke. Wanda ya zo da niyyar kora shanu ko ɗaukar mutum ɗaya, yanzu ka ba shi dalilin ƙone gidan. Ba a tarar zaki da tsinken sakace.

Kuma ba a kanka kaɗai abin zai tsaya ba. A Agusta 2025 an buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau cikin ƙasar Malumfashi, aka kashe mutane sama da 30. Gwamnatin jiha ta ce ramuwar gayya ce, domin kwanaki kaɗan kafin nan mutanen garin sun yi wa 'yan bindigar kwanton ɓauna. Allah ya kiyaye mu ɗora laifi a kan waɗanda aka kashe, jaruntaka suka yi, kuma hukumar da ta bar su ba kariya bayan haka ita ce da amsa. Abin da muke so a gani shi ne, ɗan bindiga ba ya komowa neman wanda ya harbe shi, garin yake komowa nema. Saboda haka shawarar a yi harbi ko kada a yi ba ta mutum ɗaya ba ce da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ta gari ce duka, da mai unguwa, da dagaci, da jami'an tsaron da za su tsaya bayan an yi.

Sai maganar aminci, wadda ita ce asalin tambayar. Ana cewa a zaɓi mai aminci. Wane aminci ke ga kayan da aka karɓa da dare a bayan tasha, a naɗe cikin tsumma? Ba ka san shekarunta ba, ba ka san ko ta ainihi ce ko wani maƙeri ne ya ƙera ya buga mata suna ba, ta maƙera kuwa an san tana fashewa a hannun mai ita. Ba ka san harsashin ya sha damina nawa ba. Abin da ya fi muni, ba ka san wanda ta kashe kafin ta iso hannunka ba, ran da aka kama ta kuwa, jinin da ke kanta naka ne. Shi kuma dillalin, wa kake tsammani yake sayar wa sauran kayansa? Hanyar da makamai ke bi su shigo ta kan iyaka tun bayan rushewar Libiya a 2011, ita ce hanyar da fistol ɗinka za ta biyo. Kuɗin takin da ka hana gonarka, ko kuɗin baikon da gwauruwa ta sa a faranti, zai shiga aljihun mai kai wa daji harsashi. Shi ne kuma mutum na fari da ya san akwai bindiga a gidanka, shi da ke cin abinci da infoma. A daji bindiga dukiya ce da ta fi saniya. Gidan da aka san tana ciki ya zama abin nema.

Zancen harbi don nishaɗi kuwa ba za mu ɓata tawada a kansa ba. Ba-Amurke yana da filin harbi mai rajista a bayan garinsu, yana da gyaran tsarin mulki na 1791 da ya ba shi 'yancin riƙe makami, yana harba ɗaruruwan harsasai a shekara domin hannunsa ya saba. Kai ina za ka gwada taka? A bayan makarantar Lahadi? Ashe harbinka na fari a duniya zai zama a daren tashin hankali, a cikin gida mai dangar kara da ƙofar langa-langa, inda harsashi ke ratsa zana kamar ba ta nan, 'ya'yan maƙwabci kuwa suna kwance a bayanta. Mai son nishaɗi, ga ƙwallo, ga dara, ga ƙungiyar mawaƙa tana neman maza masu murya.

Yanzu bari mu shiga cikin gida, domin a nan ne iyayenmu mata suka fi mu gani. Ɗan bindiga yana iya zuwa sau ɗaya a shekara, yana iya rashin zuwa sam. Fistol kuwa tana nan dare 365. A ina za a ajiye ta? Idan ka kulle ta a akwati, ka ɓoye harsashi a wani wuri, ka rataya mabuɗi a wuya, to ran da aka buga ƙofa ba za ka kai gare ta ba. Idan ka bar ta a ɗure kusa da hannu, to hannun ɗanka mai shekara 7 ma yana kai wa. Gidajenmu ba gidajen sirri ba ne. Yara goma suna shiga ɗaki suna fita, na gida da na maƙwabta, babu ƙarƙashin gadon da ba su sani ba. Akwai daren da saurayi zai dawo daga gidan kallon ƙwallo ya tarar an kulle ƙofa, ya haura katanga, uban kuwa ya kwana uku bai runtsa ba don tsoro. Akwai ranar da miji da mata za su yi cacar baki irin wadda dattawa ke sasantawa da safe, in dai kowa ya kai safen. Akwai matashin da ƙwaya ta taɓa, muna da su, kada mu yi musu. Akwai kuma magidancin da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa, ya zauna shiru ba ya ci ba ya magana. Wannan mutum ziyara yake bukata da addu'a da hatsi, ba ƙarfe mai kunama a kusa da kansa ba.

Ƙasar da ake kwaikwayo ta riga ta auna wannan. A Amurka a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu kuwa su suka kashe kansu. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a can. Wani bincike da aka buga a 1993 ƙarƙashin Dokta Arthur Kellermann ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan ninki uku, yawanci kuwa a hannun ɗan gida ko wanda aka sani. Wani kuma da aka buga a 2022, wanda ya bi mutane miliyoyi a jihar Kalifoniya, ya tarar cewa masu zama gida ɗaya da mai fistol sun fi sauran haɗarin mutuwa ta kisan kai fiye da ninki biyu, mata kuwa su suka fi yawa cikin masu zama da mai bindigar. Wannan a ƙasar da ke da akwatunan ƙarfe na ajiya da motar asibiti mai zuwa cikin mintoci. Mai bidiyon bai faɗi wannan ba, domin talla yake yi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ɗan'uwa mai zuga mu daga Jos ko Legas ko Landan ba zai ɗanɗana ba. Mu 'yan kaɗan ne a nan. Idan aka sami fistol a gidan wani mutum, za a ce an kama wane da bindiga. Idan aka same ta a gidan dattijon ikkilisiya, kafin rana ta faɗi labarin da zai kai Ingawa da Charanchi shi ne an gano makamai a coci. Guda ɗaya za ta zama buhu, buhu ya zama mota. Dattawanmu sun ga Maris 1987, lokacin muna cikin jihar Kaduna, yadda rigimar da ta tashi a kwaleji a Kafanchan ta zo a bakin mutane ta cinye majami'u a Zariya da Funtuwa da Katsina. Da yawanmu mun ga Afrilu 2011 bayan zaɓe, abin da ya faru a Funtuwa da Malumfashi. Ba mu muka kunna waɗannan ba, magana ce ta yi tafiya. Yau magana tana tafiya a WhatsApp cikin minti ɗaya, da hoto. Ashe za mu ɗauki hoton da hannunmu mu miƙa wa mai neman dalili? Waɗanda suka tsira a waɗancan kwanaki, ku tambaye su abin da ya cece su. Da yawa za su ce maƙwabci Musulmi ne ya buɗe ƙofa ya ce ku shigo, ya tsaya a zaure ya ce ba kowa a nan. Wannan amana ita ce katangarmu, an gina ta shekara da shekaru da gaisuwar mutuwa da ta suna da tuwon Kirsimeti da naman Salla. Bindigar ɓoye guda ɗaya tana iya rushe ta.

Kada kuma mu yarda a mai da wannan bala'i yaƙin addini. Yawancin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a jihar Katsina Musulmi ne, Hausawa da Fulani, a gona da kasuwa da masallaci. Wanda ya ce mu yi namu shirin dabam a asirce, yana raba mu da mutanen da wuta ɗaya ke cin mu tare.

Mun san ayoyin da ake jawowa. Ana kawo Luka sura 22, inda Ubangiji ya yi zancen sayen takobi. Amma a karanta surar har ƙarshe, a haɗa da Yohanna sura 18. A daren nan Bitrus ya yi amfani da takobin a kan bawan babban firist, aka tsawata masa, aka kuma warkar da kunnen da ya sare. Ana kawo Nehemiya sura 4, masu gini da makami a hannu. Madalla, mu ma muna son wannan sura. Amma Nehemiya ya zo da wasiƙun sarki, shi ne mai mulkin ƙasar, ya jera mutane iyali iyali a fili kowa na gani, ya sa mai busa ƙaho kusa da shi domin in an ji busa a taru wuri ɗaya. Babu wanda ya saya a ɓoye ya tura ƙarƙashin tabarma. Wanda ke son Nehemiya, bari ya fara da wasiƙar hukuma da ƙahon. A Ayyukan Manzanni sura 23 kuma, sa'ad da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe Bulus, ɗan 'yar'uwarsa ne ya ji, Bulus ya tura shi wurin shugaban soja, aka fitar da shi da dare da rakiyar mayaƙa 470. Labari ne ya cece shi, da sanin ƙofar da za a kai labarin. Ba mu ce kare iyali zunubi ne ba, ba mu kuma ce mai bi ya miƙa wuya kamar rago ba. Cewa muke yi dattijon da ke koyar da Romawa 13 ran Lahadi ba zai karya dokar ƙasa ran Litinin da kuɗin ikkilisiya ba.

To me za mu yi, mu naɗe hannu? Ko kaɗan. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500 a karon fari, da horo da kaki da albashi, suna aiki tare da 'yan sanda da soja. Tambayar da ta kamaci dattawa ita ce, 'ya'yanmu nawa ne a ciki? In babu, mun nema aka hana mu, ko ba mu nema ba? Muna da samarin da suka tashi cikin Boys' Brigade, sun san layi, sun san biyayya, ba sa shaye-shaye. Wurinsu ke nan, da cikin 'yan sintirin unguwa da D.P.O. ya san da su, kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan maƙwabta. Maharbin da ke cikinmu da bindigar toka ta gado, ya je ofishin 'yan sanda ya daidaita takardarsa, ya shiga cikin tsarin gari. Muna kuwa faɗa wa samarinmu da babbar murya, sintiri ba farautar Bafulatani ba ne. Zamfara ta gwada wannan hanya ta 'yan sa-kai masu yanka mutum a kasuwa don kamanninsa, kowa ya ga inda ta kai su.

Sauran aikin ba shi da daɗin kallo a bidiyo, amma shi ke tsirar da rai. Usur a kowane gida da alamar da kowa ya gane. Lambobin waya na D.P.O., da mai unguwa, da shugaban sintiri, a rubuce a bangon majami'a, ba a wayar fasto kaɗai ba. Fitila mai aiki da hasken rana a mashigar gari. Ƙofar ƙarfe da sakata. Sanin inda mata da yara za su nufa, da wanda zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya gudu. A daina kwanan addu'a a majami'un da ke bakin daji, a mai da shi yamma, Allah yana ji da rana. Muna da ma'aikatan jinya da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya a cikin ikkilisiyoyinmu, su koya wa zumuntar mata yadda ake tsai da jini, gama da yawa da aka harba a hanyar asibiti suke cikawa. Kowace ikkilisiya ta buɗe littafi ta rubuta kowane hari, rana da sa'a, lokacin da aka kira jami'ai da lokacin da suka iso. Mun sani sau da yawa sai an gama ɓarna suke zuwa. To a rubuta. Da wannan littafi shugabannin C.A.N. za su shiga wurin Hakimin Kankiya da Hakimin Kusada, da shugabannin ƙananan hukumomi, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya, Ingawa da Kusada, tare da limamai da shugabannin manoma, ba mu kaɗai ba. Wanda kuma yake ganin dokar 1959 ta tsufa, yana da hujja, sai ya kai ta majalisa da sunansa a rubuce.

Ɗan'uwan da ya riga ya saya, ba za mu kira sunanka a kan bagadi ba. Amma kada ka kawo ta majami'a, kada ka ba wani ajiya, kada ka jefa ta rijiya inda yaro zai tsinta ran yasa. Ka sami lauya tukuna, muna da su a cikin tarayyarmu a Katsina da Funtuwa, shi zai shirya yadda za a miƙa ta ga hukuma ba tare da ka jefa kanka cikin rami ba.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a taronta na gaba, ta rubuta a littafin taro cewa ba za a taɓa kobo na baiko ko zakka ko gudummawar gini don sayen makami ba, kuma ba mai shiga harabar majami'a da shi sai jami'in da hukuma ta turo. A karanta shawarar a sujadar Hausa da ta Turanci, domin 'yan'uwanmu Ibo da Yarabawa da malaman da aka turo aiki su ji da kunnensu. Sunayen samarin da za su shiga sintiri kuwa, sakataren kowace ikkilisiya ya kai wa mai unguwa da D.P.O. kafin a fara yankan gero.